Wa Ya Jawo Mana Wannan Tsada?

Tun da aka yi zaɓen Shugaban Ƙasa na 2023 akwai wata gardama da ta ƙi mutuwa a kwalejin nan. A kan yi ta a ɗakin cin abinci, a kan yi ta a ɗakunan kwana, har ofishin malamai ma bai tsira ba. Da mudun shinkafa ya tashi, ko direba ya ƙara kuɗin mota, sai ka ji wani ya dubi ɗan'uwansa ya ce, "Ai ku kuka jawo mana." Shi kuwa ya ce, "Da naku ne ya ci, da abin ya fi haka muni." Daga nan sai zance ya gangara kan kabila da addini, a watse kowa ransa a ɓace. Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in faɗi ra'ayina, ko da ya ke na san ba kowa zai ji daɗinsa ba.

Bari mu fara da lissafi, tun da shi ke shi ba ya cikin kowace jam'iyya. Ran 25 ga Fabrairu 2023 aka jefa ƙuri'a. Bola Tinubu na APC ya sami 8,794,726, Atiku Abubakar na PDP ya sami 6,984,520, Peter Obi na LP ya sami 6,101,533, Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP kuwa 1,496,687. Waɗanda suka yi rajista sun fi miliyan 93, amma waɗanda suka fita ba su cika miliyan 25 ba. Watau wanda ya ci ɗin ma bai sami ƙuri'ar mutum ɗaya cikin goma na masu rajista ba. Saboda haka mai cewa "ku kuka jawo mana" ya kamata ya fara tambaya ko wanda ya ke nuna wa yatsa ya je rumfar zaɓe ran nan. Galibi bai je ba. Lalle akwai abin zargi a zaɓen, don hukumar INEC ta yi alkawari za ta riƙa sa sakamakon kowace rumfa a intanet nan take, ba ta cika ba a zaɓen Shugaban Ƙasa. An kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 26 ga Oktoba 2023 ta tabbatar wa Tinubu kujerarsa. Ban zo in sake wannan shari'a ba.

Abin da ya ke ci mana tuwo a ƙwarya ya fara ne ran 29 ga Mayu 2023. Ran nan, a cikin jawabinsa na kama mulki, sabon Shugaba ya ce tallafin mai ya ƙare. Tallafin nan, ga wanda bai sani ba, shi ne cikon da Gwamnati ke biya don a sayar mana da fetur ƙasa da yadda aka sayo shi daga waje. Kafin mako ya zagayo, litar da a ke saye wajen naira 190 ta koma 488 a Ikko, 537 a Abuja. Tsakiyar Yuni kuma Babban Banki ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar Amurka da a ke canzawa wajen naira 460 a hannun Gwamnati ta haye 700 cikin watan, zuwa Fabrairu 2024 ta wuce 1,500. Ƙasar da ta ke ɗaukar doya da hatsi a mota, ta ke kuma sayo magani da takarda da taki daga waje, in aka taɓa mai aka taɓa dala a lokaci guda, ba abin da zai tsaya inda ya ke.

To, ga inda na rabu da masu cewa "da namu ne ya ci." A lokacin yaƙin neman zaɓe Tinubu ya ce zai cire tallafin nan. Atiku ya ce zai cire. Obi ma ya ce zai cire, har ya kira shi sata tsararriya. Kasafin kuɗin 2023 da Shugaba Buhari ya bari bai tanadi kuɗin tallafi ba sai zuwa ƙarshen Yuni. Watau mutum ukun da suka kwashe kusan dukan ƙuri'un bakinsu ɗaya a kan wannan batu, kuma ba a ɓoye suka faɗa ba. Mu ne ba mu saurara ba. Muna can muna gardamar Musulmi da Musulmi, da ko lokacin Kudu ne ko na Arewa, da wanene tsoho wanene mai lafiya. Ban ji an tsare ɗan takara ko ɗaya an ce, "Ranka ya daɗe, in ka cire, a wane wata za ka ƙara albashi? Motocin haya nawa za ka fito da su kafin ranar? Kuɗin da za a tsimi, aljihun wa za su shiga?"

Masu goyon bayan Gwamnati suna da hujja, kada a raina ta. A 2022 kaɗai tallafin ya ci fiye da naira tiriliyan 4, watau ya ninka abin da Gwamnatin Tarayya ta ware wa ilmi a shekarar fiye da sau 3. Man nan mai araha kuma ba duka mu ke sha ba, ana tsallakawa da shi Nijar da Benin da Kamaru a sayar da riba. Mai motoci biyar ya fi mai tafiya a ƙasa cin moriyarsa. Duk na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda aka yi. An rushe tsohon ɗaki tsakiyar damina ba a ko kafa sabon ba. Sai da aka yi wata 14 sa'an nan aka sa hannu a dokar sabon albashi, cikin Yuli 2024, kwanaki kaɗan kafin zanga-zangar yunwa ta watan Agusta. Abin mamaki kuwa, a Janairu 2012, da Shugaba Jonathan ya cire tallafi lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, Tinubu na cikin waɗanda suka fi sukar abin. Ashe ya san zafin tun tuni.

Yanzu ga aikin allo, wanda ɗan aji huɗu zai iya yi. Mafi ƙarancin albashi na 2019 naira 30,000 ne. Raba shi da 190, ka sami lita 157 da ɗan ragowa. Sabon na 2024 naira 70,000 ne, amma zuwa Oktoba na shekarar lita ta haye 1,000 a Abuja. Raba, ka sami lita 70. An ninka albashi fiye da sau biyu, abin da ya ke saye bai kai rabin na da ba. A 2025 man ya ɗan sauko bayan matatar Dangote ta kama aiki sosai, amma ko a naira 900 ka lissafa, lita 77 ke nan. Haka kuma in ka ji an ce tashin farashi ya sauka daga kashi 34.8 cikin 100 a Disamba 2024 zuwa 24.48 a Janairu 2025, ka sani Hukumar Ƙididdiga ce ta sake ma'auninta a watan. Ko ba don haka ba ma, saukar wannan adadi ba ya nufin kaya sun yi araha. Mota ce ta rage gudu, ba baya ta koma ba.

Saura tambayar da ta fi shafarmu mu masu shirin riƙe alli: ina kuɗin? Kowane wata a kan zauna a Abuja a raba abin da ya shiga asusun Tarayya. Bayan an cire kashi 13 na jihohin da a ke haƙo mai, Gwamnatin Tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774, magadan En'e, su sami 20.60. Abin da aka raba a 2023 ya ɗan wuce naira tiriliyan 10, a 2024 ya haye 15. Gaskiya ne wani sashi na ƙarin nan kumfa ne, don dalar mai ce ta koma naira da yawa marasa ƙarfi. Har wa yau Bankin Duniya ya faɗa a Mayu 2025 cewa kamfanin NNPC sai a Janairu na shekarar ya fara zuba ribar cire tallafi a asusun, rabi kuma ya ke zubawa, sauran yana biyan tsofaffin basussuka. Duk da haka gwamnoni sun karɓi kuɗin da ba su taɓa karɓa ba, kuma fiye da rabin rabon yana sauka ne a jiha da ƙaramar hukuma.

Nan ne fa albashin malamin firamare ya ke fitowa. Shugaban Ƙasa ba ya biyan malamin firamare, ba ya rufa kwanon ajinsa, ba ya saya masa benci. Amma duk hayaniyarmu a kan Shugaban Ƙasa ta ke. A cikin 2025 malaman firamare na Babban Birnin Tarayya sun yi fiye da wata 3 suna yajin aiki saboda ƙananan hukumomin can ba su biya su sabon albashi da bashinsa ba, yara na zaune a gida, kusa da inda a ke rabon kuɗin. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kada su bi ta hannun gwamna. Mu nawa ne a kwalejin nan muka bi sawu mu ga ko an yi haka a ƙaramar hukumarmu? Akwai kuma kuɗin hukumar UBEC na gina azuzuwa, wanda jiha ba ta samu sai ta kawo nata rabin. Shekara da shekaru jihohi da dama na barinsa kwance, alhali yara na zaune a ƙasa.

Saboda haka ga shawarata ga Ƙungiyar Muhawara. Adadin abin da kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma ta samu ana buga shi wata-wata, ba asiri ba ne. A samo na jiharmu a liƙa a allon sanarwa, a gefensa a rubuta ranar da aka biya malaman firamare albashin watan, da ko an biya su cif. Ɗaliban da za su tafi koyarwar gwaji su ƙirgo benci da yara a makarantun da aka tura su, su kawo mana. In zangon karatu ya ƙare a gayyaci sakataren ilmi na ƙaramar hukuma ya zo zauren taro, a ajiye masa takardun a gabansa, a yi masa tambayoyi cikin ladabi. Mai goyon bayan APC da na PDP da na LP da na NNPP duk su zauna a benci ɗaya ran nan, don takardar albashi ɗaya za su sa wa hannu in sun gama.