Wake Ɗaya Ba Ya Ɓata Gari

Akwai wata magana da ta yi ƙarfi a bakin mutane daga Salaga zuwa Yendi har Bawku. In wani ya yi kisa sai a ce, ai wake ɗaya ke ɓata gari, danginsa duka su biya. Har waɗansu masu zuwa sujada ran Lahadi suna faɗinta ba kunya. Karin maganar nan a kan garin tuwo aka yi ta. Masu ɗora ta a kan garin mutane kuwa, ya kamata su san a makarantar wa suka koyi wannan shari'a.

A watan Fabrairu 1906 mutanen Satiru, kudu da Sakkwato, suka tayar wa Turawan mulki. A faɗan nan aka kashe Hillary, mai riƙon Razdan, da Turawa biyu da sojoji da dama. Ran 10 ga Maris sojan Ingila suka komo. Aka hallaka mutum wajen 2,000, aka kwashe mata da yara, aka rushe garin, aka la'anci duk wanda zai sāke gini a wurin. Jaririn da ke goye a ranar, wane Bature ya kashe?

A Turai ma haka aka yi. Ran 27 ga Mayu 1942 samari biyu, Gabcik da Kubis, suka tare motar Heydrich, azzalumin da Hitila ya ɗora a kan ƙasar Cek, suka jefa mata bam a birnin Prag. Ya mutu ran 4 ga Yuni. Ran 10 ga wata Jamusawa suka kewaye ƙauyen Lidice, wanda ba ruwansa da kisan, suka harbe maza 173, suka kai mata sansani, yawancin yaran kuma suka kashe su da iskar guba. Samarin sun ɓuya a wata majami'a a Prag, a can suka mutu. Bishop Gorazd ya ɗauki alhakin ɓoye su a kansa domin ya ceci garkensa, aka harbe shi ran 4 ga Satumba.

Mai gardama zai ce, da ba a taɓa Heydrich ba, da Lidice tana nan. Ana iya muhawara a kan ko harin ya dace. Amma wanda ya kunna wa gari wuta, shi ke da alhakin tokar, ba wani ba. In an yarda da hujjar mai gardama, to, an ba kowane mai bindiga izini ya yi garkuwa da marasa laifi.

Arewacin Gana ta ɗanɗani wannan. Jamusawa sun ƙone Yendi a 1896 bayan yaƙin Adibo. A 1994 kuma, ba Bature ko ɗaya a wurin, musu a kan kuɗin zabo a kasuwar Nakpayili ya zama yaƙi, ɗaruruwan ƙauyuka suka ƙone. Rikicin sarautar Bawku ya ci mutanen da laifinsu kaɗai shi ne harshen da suka sha a nono.

Annabi Ezekiyel, a sura 18, ya koyar cewa kowa zai amsa zunubin kansa. Saboda haka Kirista ba shi da hurumin cewa kabila kaza duk macuta ne. Mai laifi a kai shi gaban alƙali da sunansa. Maƙwabcinsa da ya gudo neman mafaka kuwa, wajibi ne ikkilisiya ta buɗe masa ƙofa, ko daga wace kabila ya fito, ko da abin zai jawo mata tsada.