Wasiƙa a Buɗe zuwa ga Masu Haɗa Sola a Ƙasar Hausa

Matsi ne ya buɗe wa sana'ar haɗa sola kasuwa a Arewa. Da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, janareta ya gagari ƙananan 'yan kasuwa. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta kai kuɗin wutar masu amfani da ita na rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit, sannan a watan Oktoba na shekarar jihohin Arewa da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. A Nijar kuwa, yanke wutar da Najeriya ta yi a watan Agusta na 2023 ya tura mutane neman farantan sola ko ta halin ƙaƙa. Gwamnatoci sun yi nasu manyan ayyukan: tashar megawat 10 ta Kumbotso a Kano, da ta megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai, ga kuma tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, wadda ta haura shekara goma ana jiran kammaluwarta. Sai dai wutar da ke juya fankar mai shago da firizar mai ƙanƙara ta fi fitowa daga farantan da mai haɗa sola ya hau rufin kwano ya ɗaura da hannunsa, kuma mai gidan ba shi da hanyar gane aiki mai kyau sai bayan shekara ɗaya ko biyu.

Aiki yana farawa ne daga lissafin kaya, tun kafin a je kasuwa. Mai sana'a ya zagaya gidan, ya rubuta wat na kowace na'ura da yawan awannin da take aiki, ya ware na rana da na dare. Batirin tubula mai amfiya-awa 200 a kan bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda, amma rabin wannan kaɗai ake taɓawa idan ana son ya yi ƙarko. Ke nan batir ɗaya ba zai kwana da fanka uku da talabijin da firji ba, komai daɗin bakin mai sayarwa. Faranti mai wat 550 kuma, a ranar Kano, abin da yake tarawa a yini bayan an cire asara bai wuce yunit biyu da rabi ba. Firiza da famfon rijiyar burtsatse suna jan ninkin wutarsu sau da yawa a lokacin tashi, don haka inbatar da ta isa a lissafi tana iya gazawa da zarar injin ya motsa. Dutsen guga da hita su ne masu kashe batir a ɓoye, kuma sau da yawa mai gida ba ya ambatarsu, domin ba shi ne ke amfani da su ba. Tambayar uwargida ta fi fito da gaskiyar lissafin.

A nan ne jarrabawar sana'ar take. Mai gida yakan zo da kuɗin rabin aiki yana son cikakken aiki, wani ma'aikacin kuma yana gefe yana cewa zai yi a haka. Abin da ya dace shi ne a gaya masa abin da kuɗinsa zai ɗauka da abin da ba zai ɗauka ba, a rubuta a takarda, kowa ya riƙe kwafi. Wanda ya karɓi aikin a kan alkawarin da lissafi bai goyi baya ba, shi za a yi ta kira da tsakar dare idan inbata ta fara kuka.

Adadin wat da ke rubuce a bayan faranti an auna shi ne a zafin digiri 25. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri jikin faranti yana haura digiri 60, kuma kowane digiri ɗaya sama da 25 yana rage kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa. Saboda haka ba a manna shi a jikin kwano. A bar tazara iska ta ratsa ta ƙarƙashi. A fuskantar da shi kudu, a jingine da kimanin digiri 12 zuwa 15 a yankin Kano da Katsina, wanda hakan kuma yana sa ruwan sama ya gangara da ƙura. Inuwar tankin ruwa ko ta reshen darbejiya a kan faranti ɗaya tana jan sauran da ke jere da shi ƙasa. Hunturu yana zuwa da matsala biyu: ƙurar da ke rufe gilashi, wadda maganinta wanki ne da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, da kuma sanyin asuba da ke ɗaga bolt na farantai. Jerin da aka haɗa dab da iyakar abin da inbata ke ɗauka yana iya ƙona ta a safiyar Janairu. Guguwar farkon damina kuwa ba ta raga wa farantin da aka ɗaure da wayar ɗauri. Ƙarfe da noti ake sawa, a kama jikin katakon rufi.

Batir shi ne kaya mafi tsada kuma mafi saurin mutuwa. Zafi ne babban maƙiyinsa: ƙarin kimanin digiri 10 a ɗakin da yake yana iya raba rayuwar batirin dalma biyu. Tubula yana son ɗaki mai iska da ruwan batir na asali, ba na rijiya ba, kuma ba a haɗa sabo da tsoho a layi ɗaya. Na litiyam yana jure a sha kashi 80 cikin ɗari ko fiye, amma kasuwa ta cika da waɗanda aka harhaɗa da tsofaffin ƙwayoyi aka sa musu sabuwar riga. Gwada ainihin abin da batir ke ɗauka kafin a kai gidan mutane ya fi dogara da lambar da ke jikin kwali.

Waya da bireka su ne inda ake yawan cin amana, domin ba mai duba su. Inbata mai kilowat 5 a kan bolt 48 tana jan fiye da amfiya 100 daga batir, abin da ke buƙatar waya mai kaurin murabba'in milimita 25 zuwa 35 ta jan ƙarfe zalla. Akwai wayar alminiyan da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kankare bakinta da wuƙa yana tona asirinta. Birekar wutar NEPA ba ta dace da ɓangaren farantai da batir ba, saboda tartsatsin wutar batir ba ya mutuwa da kansa, kuma daga nan gobara kan tashi. A binne sandar ƙasa, a sa na'urar kare tsawa, musamman a gidan bene.

Ta fuskar doka, hukumar NEMSA ce ke ba masu aikin haɗa wuta takardar shaida a Najeriya, kuma Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Ayyukan hukumar samar da wuta a karkara ta REA, ciki har da shirin DARES na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamba 2023, suna bi ne ta hannun kamfanoni masu rajista, don haka gwanin da ba shi da takarda ƙaramin aiki kawai zai riƙa tsinta a gefe.

Mataccen batir ma yana cikin aikin. Dalmar da ke cikinsa guba ce, irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. Bai kamata a bar shi a tsakar gida ba, ko a miƙa wa mai fasa shi a bayan layi yana zubar da ruwansa a kwata. Mai haɗa sola ya ɗauke shi a tsaye, ba tare da ya tsiyaye ba, ya kai wa dillalin da ke tura shi masana'antar narkarwa, ya cire kuɗinsa daga farashin sabon da zai saka.