Masu aikin mishan na janyewa daga karkara: Wa zai karɓi majinyatan?

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Birnin Konni zuwa Madawa a Jamhuriyar Nijar zai ratsa ta Galmi, garin da albasarsa ta yi suna har a kasuwannin ƙasashen gaɓar teku. Bayan albasa, abin da aka fi sanin Galmi da shi shi ne asibitin mishan da ƙungiyar SIM ta buɗe a 1950. Shekara 70 da ɗoriya ke nan majinyata na tururuwa can daga yankunan Tawa da Maraɗi, wasu ma su tsallaka iyaka daga ɓangaren Sakkwato. Akasarinsu Musulmi ne, talakawa, manoma da makiyaya. Da yawa daga cikin likitocin da ke yi musu tiyata kuwa Kiristoci ne 'yan sa-kai da suka baro Amurka da Turai da Ostireliya.

Irin waɗannan baƙi suna raguwa a ƙauyukan yankin Sahel saboda taɓarɓarewar tsaro. Wasu za su ce Allah Ya raka taki gona, wasu kuma za su yi takaici. Ko ma wane ra'ayi mutum yake da shi game da manufarsu, akwai tambayar da ba za a kauce mata ba: matar da naƙuda ta yi wa gardama da tsakar dare a ƙauyen da ba shi da likita, wa zai karɓe ta idan sun tafi?

Kafin a yanke musu hukunci, yana da kyau a san yadda rayuwarsu take. A yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi, asibiti ba ya biyan likitan mishan albashi. Kafin ya taso sai ya zagaya coci-coci da gidajen 'yan uwa da abokan arziki a ƙasarsa, ya samu waɗanda za su riƙa tallafa masa duk wata. Idan Nijar zai je, sai ya fara koyon Faransanci, sannan ya zauna ya koyi Hausa, domin majinyacin karkara ba ya bayanin ciwonsa da yaren boko. Zai yi fama da zazzaɓin cizon sauro da zafin bazara da ke haura maki 40, ga yankewar lantarki ana tsakiyar aiki. 'Ya'yansa sukan taso nesa da kakanninsu, a da ma makarantun kwana ake kai su tun suna ƙanana, irin na Jos da Miango. A maƙabartar mishan da ke Miango a Jihar Filato akwai kaburburan manya da na jarirai da ba su koma gida ba.

Tun farko ma da mutuwa aikin ya soma. Mutum uku ne suka sauka Legas a 1893 da niyyar shiga ƙasar Hausa: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Biyun farko sun rasu a shekarar da ta biyo baya, Bingham kaɗai ya tsira ya kafa ƙungiyar. Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna taƙaita shigar mishan masarautun Musulmi saboda alƙawarin da suka yi wa sarakuna cewa ba za su taɓa addini ba. Ƙofar da ta buɗe musu a shekarun 1930 ita ce ta kuturta. Aka danƙa musu kula da kutare a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato, a lokacin da jama'a ke ƙyamar ko haɗa ƙwarya da kuturu. Daga baya aka buɗe asibitin ido na Kano a 1943, wanda cocin ECWA ke gudanarwa har yau, da cibiyar kutare ta Danja kusa da Maraɗi, inda aka ƙara sashen mata masu yoyon fitsari a 2012.

Darasin da ya fi girma daga wannan tarihi ya fito ne daga gona. Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan Ostireliya, ya zo Maraɗi a farkon shekarun 1980 a ƙarƙashin SIM don ya dasa itatuwa. Ya dasa, mafi yawansu suka mutu: rani ya kashe wasu, awaki suka cinye wasu. A 1983 ne ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kafin damina toho ne na kututturen itatuwan da aka sare, waɗanda saiwarsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake buƙata kawai shi ne a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran, a kare su daga dabbobi. Manoma suka yi masa kallon mahaukaci, don a lokacin gonar da aka share ƙal ita ce gonar manomin kirki. A yunwar 1984 aka riƙa ba da abinci ga masu barin itatuwa a gonakinsu, kuma da rabon ya ƙare da yawa suka sare su. Waɗanda suka bari ne suka ga amfanin: ga itacen girki, ga abincin dabbobi, ga gero ya samu kariya daga iska. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. A yau an ƙiyasta cewa wannan dabara ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a Nijar, kuma a 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood.

Abin lura shi ne gawo da kalgo da sabara ba daga Ostireliya aka kawo su ba. Manoman Maraɗi da Damagaram ne suka yi aikin, da dama ma da sanin da suka gada daga iyaye. Baƙon ya yi amfani ne saboda ya zauna fiye da shekara 15, ya ji Hausa, ya yarda cewa dabararsa ta farko ba ta yi ba, ya bar wa mutane abin da za su ci gaba da shi ba tare da shi ba. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a auna kowane ɗan sa-kai da shi, ko daga coci ya fito ko daga masallaci.

Ba duka ne ke cin wannan jarrabawa ba. Akwai masu zuwa na mako biyu su ɗauki hotuna da yara marasa lafiya, su koma gida su tara kuɗi da su. Akwai kuma waɗanda kyakkyawar niyya ta sa suka shiga aikin da ba su da iliminsa. A Jinja ta ƙasar Yuganda, wata matashiya Ba'amurkiya mai suna Renee Bach, wadda ba ta yi karatun likita ba, ta gudanar da cibiyar kula da yara masu tamowa. Yara 105 ne suka rasu a cibiyar kafin hukumomi su rufe ta a 2015. Iyaye mata biyu suka kai ƙara, aka sasanta a 2020 da biyansu diyya ba tare da ta amsa laifi ba. Talauci bai kamata ya zama lasisin da zai ba kowa damar gwada hannunsa a jikin ɗan talaka ba. Wajibi ne hukumomin lafiya su tantance takardun duk baƙon da zai riƙe allura, kamar yadda ƙasarsa za ta tantance likitan da ya je daga Kano ko Yamai.

Sai batun da ya fi damun jama'a, wato addini. Ƙungiyoyin mishan ba sa ɓoye cewa wa'azin Kiristanci na cikin manufarsu, kuma Musulmin da ke ɗari-ɗari da hakan yana da hujjarsa. Wanda ke kwance a gadon asibiti, ko uwar da ɗanta ke hannun likita, ba su cikin halin da za su iya cewa a'a da sakin fuska. Don haka ƙa'idar a fili take: kada a ɗaura magani ko abinci ko gurbin makaranta a kan sauraron wa'azi, kada kuma a kusanci yaro da batun addini ba da yardar iyayensa ba. Cibiyoyin da suka daɗe a ƙasar Hausa sun daɗe ne saboda jama'a sun ga ana duba su ba a tambaye su alƙiblarsu ba. Amma wannan damuwa ba ta halatta ƙona coci ko farautar ma'aikacin lafiya ba, kamar yadda aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai a watan Janairun 2015.

Farautar kuwa ta yi ƙamari. A Janairun 2016 'yan bindiga suka sace Dokta Ken Elliott, likitan tiyata ɗan Ostireliya da ya shafe fiye da shekara 40 yana aiki a Jibo ta arewacin Burkina Faso. Mutanen garin, waɗanda galibinsu Musulmi ne, su ne suka fito suna roƙon a sako shi. Bai samu 'yanci ba sai a watan Mayun 2023, yana da shekara 88. A Oktoban 2016 aka ɗauke Jeffery Woodke daga gidansa a Abalak, inda ya daɗe yana aiki da Abzinawa da Fulani makiyaya, aka kashe masu gadi biyu a harin. Shi ma sai a Maris ɗin 2023 aka sako shi. Duk lokacin da aka yi irin wannan, ƙungiyoyi kan kwashe ma'aikatansu zuwa birane, ƙauye ya koma hannun mai sayar da magani a tire. Ga shi kuma a 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, wadda ke ɗaukar nauyin shirye-shiryen lafiya da dama a yankin.

Gurbin da ake bari ya faɗo ne a daidai lokacin da likitocin gida ke ficewa. A 2024 Ministan Lafiya na Najeriya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar a 'yan shekarun nan. Waɗanda suka rage sun taru a Legas da Abuja da manyan birane. Ba za a ga laifin matashin likita da ya ƙi zama inda babu ruwa, babu wuta, babu tsaro ba. Laifin na gwamnatocin da suka yi alƙawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya ne, alƙawarin da gwamnatin tarayya ba ta cika ba har yau.

 Gwamnatocin jihohi na iya ba likitan karkara alawus na musamman da gida da tsaro, su kuma cika alƙawarin idan sun yi. Hukumomin zakka da waƙafi, irin ta Jihar Sakkwato, na iya ɗaukar nauyin albashin ungozoma da likita a asibitin ƙauye shekara bayan shekara, maimakon rabon kayan abinci na rana ɗaya. Attajiran da ke gasar gina masallatai a unguwannin da tuni suke da su, su tuna cewa ɗakin haihuwa ma sadaka ce mai gudana. Tsarin da ya riƙe likitan mishan a Galmi ba wani sirri ba ne: mutane talatin ko hamsin ne ke cire wani abu daga aljihunsu duk wata don mutum ɗaya ya zauna a ƙauye. Ƙungiyar 'yan kasuwa ɗaya a Kantin Kwari ko Kasuwar Maraɗi za ta iya yin haka.

Su kuma cibiyoyin mishan da suka rage, alherin da ya fi shi ne su gaggauta miƙa ragama ga 'yan ƙasa, kamar yadda Galmi ke horar da likitocin tiyata 'yan Afirka. Gwamnati ta kare su muddin suna bin doka, ta kuma sa musu ido. Majinyacin da ya yi tafiyar kwana biyu a bayan a-kori-kura yana buƙatar ya tarar da ƙwararren likita a bakin aiki idan ya isa, kuma nauyin samar da wannan likita yana kan shugabanninsa da masu hannu da shunin garinsu kafin kowane baƙo.