Digirin Tsara Cikin Gini: Aikin Da Ke Gaban Wudil

A cikin watan Disamba na 2022 ne Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabon tsarin karatu wanda ya rarraba ilmin zanen gine-gine zuwa rassa dabam-dabam. Ɗaya daga cikin rassan nan shi ne ilmin tsara cikin gini, watau sanin yadda za a shirya ɗaki da haskensa da iskarsa da kayan da ke cikinsa. Al'amarin ya shafi Wudil ƙwarai, domin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, wadda ta soma aiki a 2001 aka kuma sake mata suna a 2022, tana da sashen koyar da zanen gine-gine.

Sharuɗɗan neman digiri na biyu a yawancin jami'o'in Nijeriya sanannu ne. Lalle ne ɗalibi ya zo da kiredit 5 na jarrabawar fita sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi. Sai digiri na farko wanda bai gaza ƙaramin mataki na daraja ta biyu ba, da takardar shaidar bautar ƙasa. Wanda digirinsa ya gaza haka, ko mai babbar difloma, akan nemi ya fara yin difloma ta gaba da digiri. Bayan an ɗauke shi kuma sai ya ci darussa, ya yi aikin zane a ɗakin koyo, sa'an nan ya rubuta kundin bincike, ya kare shi a gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a.

To, amma rubuta sharuɗɗa a takarda ba shi ne wuyar ba. Wuyar ita ce samun malaman da za su duba binciken, da ɗakunan zane, da wurin koyon aikin katako da fitilu. Tun da reshen sabo ne, masu neman digiri na biyu a cikinsa za su fito ne galibi daga zanen gine-gine, ko daga fannoni irin na ƙirar tukwane da zanen tufafi da aka daɗe ana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Duk jami'ar da ta yi gaggawar buɗe fannin ba tare da ta tanadi malamai ba, ɗalibanta ne za su yi asarar kuɗi da shekaru.

Sabon tsarin ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na manhaja, ta cika shi da abin da ya dace da mutanenta. A nan ne Wudil take da babban rabo. Ƙasar Hausa ta san ƙawata ɗaki tun kafin zuwan boko. Daurin gugan da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, har yanzu masana na nazarinsa. Ga Gidan Makama a Kano, ga aikin azara da zanen bango, ga kuma jeren ɗakin amarya. Maginan da suka iya wannan aiki kuwa sai raguwa suke yi, alhali yawancin saninsu a ka yake.

Akwai kuma batun aiki. Mai zanen gine-gine yana da hukumar rajista, ARCON, wadda doka ta kafa tun 1969, saboda haka matsayinsa a ma'aikatun gwamnati ba ya da gardama. Ya kamata hukuma ta fayyace matsayin mai tsara cikin gini haka nan, domin ma'aikacin da zai nemi izinin ƙaro ilmi ya san matakin da zai dawo ya tarar. Ɗalibai su ma su bincika ko hukumar jami'o'i ta amince da fanni kafin su biya kuɗin makaranta, gama rigakafi ya fi magani.