Jama'a, Kada Mu Bari Filin Surulere Ya Zama Kufai!

Jama'a, ku tsaya ku ji! Duk wanda ya bi ta Surulere a Legas ya leƙa Babban Filin Wasa na Ƙasa, sai ya riƙe baki. Kujeru sun kakkarye, ƙarafa sun yi tsatsa, a watan Afrilun 2023 ma iska ta kayar da ɗaya daga cikin dogayen turakun fitilunsa. Wannan fa shi ne filin da gwamnatin Gowon ta buɗe a 1972, ya karɓi wasannin Afirka a 1973.

Ku tambayi iyayenku ina suke ranar 22 ga Maris, 1980. Wasu za su ce suna maƙale da rediyo a ƙofar gida. A ranar ce muka lallasa Aljeriya da ci 3 da nema, Segun Odegbami ya zura biyu, Muda Lawal ɗaya, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa Christian Chukwu kofin Afirka na farko da ya taɓa shigowa hannunmu. A kan ciyawar nan Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a 1989 muna karawa da Angola, bai sake tashi ba. Yaron da ya mutu sanye da rigar ƙasa, haka za mu yi da wurin da ya faɗi?

Kada wani ya ce ai kayan mutanen Legas ne. Tijjani Babangida, ɗan Kaduna, a nan ya ɗura wa Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a 2000 ya kai mu wasan ƙarshe na kofin Afirka. Fanaretin Ikpeba a wasan ƙarshen da Kamaru kuwa, wanda ya tsallake layi alƙali ya hana, ku bar shi, har yau bai bar ci mini rai ba.

Tun da aka gina filin Abuja a 2003 aka juya wa wannan baya, kamar uwargida bayan an kawo amarya. Alkawarin gyara kam mun sha shi har mun ƙoshi.

To, mutanen Agege da Idi-Araba, ku da ke kusa ku je ku ɗauko hoto ku watsa. Masu gidajen kallon ƙwallo a Kano da Kaduna da Jos, ku tayar da zancen a hutun rabin lokaci. Ku kira shirin wasanni a rediyo. Ɗan majalisarku in ya zo neman ƙuri'a, ku tare shi da tambaya: nawa aka ware wa Surulere a kasafin bana, kuma wa ya karɓi kwangilar gyaran?