Bidiyon Tarko Ba Ya Koyar Da Ches: A Koyi Buɗewar Réti

Matashin da ke buga ches a waya a Yelwa, Wara ko Shanga yakan ƙona datarsa wajen kallon gajerun bidiyon TikTok masu alƙawarin kashe sarki cikin taku biyar. Tarkon yakan yi aiki sau ɗaya ko biyu. Ranar da abokin karawa ya kauce wa tsarin da aka haddace, sai a tsaya ana zare ido, agogo na tafiya, maki na zubewa.

Abin da ya fi shi ne a fahimci buɗewa guda mai sassauci, kamar ta Réti. Fari yana farawa da kai doki f3. Idan baƙi ya tura soja d5, sai fari ya amsa da c4, ya bi da g3, ya ajiye bishof a g2, sannan ya kai sarki mafaka. Dabarar ita ce a bar abokin karawa ya mamaye tsakiyar allo, a riƙa matsa masa daga gefe. Tunda fari bai fito da sojojin tsakiya ba, yana da damar juya wasan zuwa Catalan ko Queen's Gambit, gwargwadon abin da ya gani.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Yauri. Gwanin dara ya san tun wajen jera 'ya'ya goma sha biyu ake cin wasa, kuma masuncin tafkin Kainji ba ya jefa koma sai ya karanci ruwa. Da irin wannan buɗewa Richard Réti ya doke zakaran duniya Capablanca a New York a 1924, bayan ya shekara takwas ba a ci shi ba.

Masu cewa ta yi wa ɗan koyo sanyi suna da hujja, domin baƙi na iya tura sojansa d4 ya ƙuntata wa fari. Amma a nan darasin yake: dole mai wasa ya yanke shawara da kansa.

Kayan aiki kuwa kyauta ne. Lichess, wadda Thibault Duplessis ɗan Faransa ya kafa a 2010, ba ta da talla, kuma tana ɗauke da injin Stockfish. Bayan kowane wasa, ya kamata mai wasa ya fara gano kuskurensa da kansa, sannan ya kunna injin ya gwada.