Maganin Raunin Laka: Ɓera Ya Tashi, Saura Ɗan Adam

Ya ku malamai da 'yan kasuwa na Hanwa, Samaru da Sabon Gari, ku sani haɗarin mota yakan karya ƙashin baya, laka ta tsinke, ƙafafu su shanye. Ƙashi yana ɗoruwa, amma laka ba ta komawa yadda take. Saboda haka masana suka juya ga ƙwayoyin asali, watau ƙwayoyin jiki waɗanda ba su riga sun zama ƙashi ko jijiya ba, suna dasa su a wurin raunin.

A 2005 wani masani, Hans Keirstead, ya jarraba wannan ga ɓeraye a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka. Waɗanda aka yi wa dashen kwana 7 bayan rauni, tafiyarsu ta gyaru. Waɗanda aka jinkirta wa har wata 10 ba su amfana ba. A 2010 kamfanin Geron ya soma gwadawa ga mutane, a 2011 ya daina saboda tsada.

A Japan kuwa, Jami'ar Keio ta gwada ga ɓeraye da birai, sa'an nan ga mutum 4 masu sabon rauni. A 2025 ta bayyana cewa 2 sun sami sauƙi, ɗayansu har yana tsayuwa.

Wajen hukunci, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 2003, ta halatta ɗibar ƙwayoyin daga baligi da yardarsa, ko daga mabiyiya da cibiya da izinin iyaye, ta haramta zubar da ciki dominsu.

To, lalle akwai alamar nasara, amma ɓera ba mutum ba ne, mutum 4 kuma ba su isa hujja ba. Wanda ya ce muku yana da allurar da za ta tayar da wanda ya shekara a kwance, ku riƙe jarinku, kada ku sayar da rumfa ko gona dominsa.

Abin da ke hannunmu shi ne gaggawa da lura. In mutum ya bugu a baya, kada a naɗe shi a cusa cikin mota, kada a kai shi wurin mai ɗori. A kwantar da shi miƙe bisa katako, a tallafi wuyansa, a nufi Asibitin Koyarwa na Shika.

Allah ya kiyashe mu. Wassalamu.